Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ake Karanta Tafiyar Farashi?

Wani mai sauraronmu daga Jangeru ya rubuto cewa ɗansa na so ya zuba kuɗin wakensu a hannun jari, wai ya koyi karanta zanen farashi a waya. Yana tambaya, shin ilimi ne ko duba?

To Malam, ba duba ba ne. 'Yan kasuwar shinkafa na Osaka a ƙasar Japan sun yi shi tun da daɗewa: su rubuta farashin kowace rana, su zana, su lura da inda ya dosa.

Kai ma gwada. Duk Alhamis ka rubuta kuɗin buhun gero a kasuwar Shinkafi. Bayan shekara za ka ga ya faɗi da kaka, ya hau da damina. Akwai inda in ya sauko masu saye kan yi caa, ya tsaya. Akwai inda in ya hau masu ajiya kan fito da kaya, ya juyo. Waɗannan iyakoki biyu yaron ke nema a zanensa.

Amma fa zane labarin jiya yake bayarwa. A 2021 da aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, wane zane ne ya hango?

Shawarata, ya yi wata shida yana saye da sayarwa a takarda kawai, ku ga ribarsa. In zai fara, ban da kuɗin abinci da na taki.

Allah ya sa albarka a nema.