Rauni a wurin aiki: Haƙƙin da 'yan Briqueterie ke bari a hannun CNPS

Duk wanda ya bi ta Briqueterie da yamma ya san unguwa ce ta masu neman na kansu. Mahauta na yanka nama, masu tsire na fama da wuta da hayaƙi, teloli na kan keke har dare, ga masu walda da 'yan dako da ke kai-komo tsakanin unguwar da kasuwar Mokolo. Sunan unguwar ma daga aiki ya samo asali, wato daga masana'antar bulo da aka yi a wurin tun zamanin Jamusawa.

Inda ake irin wannan aiki kuwa ba a rasa tsautsayi. Wuƙa ta zame ta datse yatsa, lebura ya faɗo daga saman gini, tartsatsin walda ya shiga ido. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: maigida ya kai yaro asibiti, ya biya kuɗin ɗinki da magani, 'yan uwa su yi karo-karo, a ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Bayan wata biyu taimako ya ƙare, hannun kuma bai koma daidai ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, dokar Kamaru ta tanadi diyya ga irin wannan ma'aikaci, kuma ba daga aljihun maigida za ta fito ba muddin an yi masa rajista.

Me doka ta ce?

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce mai lamba 77-11 ta ranar 13 ga Yulin 1977, wadda ta shafi diyyar hatsarin aiki da cututtukan da sana'a ke jawowa. Hukumar da ke biya ita ce asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, CNPS, wanda aka kafa a 1967, mai hedikwata a nan Yaounde da kuma asibitinsa a Essos.

A wurin doka, hatsarin aiki bai tsaya ga abin da ya faru cikin shago ko gareji ba. Idan babur ya kaɗe ma'aikaci a hanyarsa ta zuwa aiki daga gida, ko ta komawa, shi ma yana ciki, matuƙar bai ratse zuwa wata sabga tasa ba. Haka wanda maigida ya aika. Dokar ta haɗa har da masu koyon sana'a, abin da ya shafi yaran shago da ke cike da unguwar.

Kuɗin wannan inshora maigida ne kaɗai ke biyan su, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Bisa dokar shugaban ƙasa ta Fabrairun 2016, ana biyan kashi 1.75, ko 2.5, ko 5 cikin 100 na albashi, gwargwadon haɗarin sana'ar. A kan mafi ƙarancin albashi na sefa 60,000 da aka tsayar wa kamfanoni masu zaman kansu a 2023, ban da na noma, wannan ya kama daga sefa 1,050 zuwa 3,000 a wata.

Sai dai rajistar ba ta zuwa ita kaɗai. Akwai kashi 7 na alawus ɗin iyali da kashi 4.2 na fansho a wuyan maigida, ma'aikaci kuma ya ba da nasa 4.2. Idan aka haɗa, maigida zai fitar da sefa 7,770 zuwa 9,720 a wata a kan wancan albashi. Wannan lissafi ne ke sa ƙananan 'yan kasuwa ja da baya, ga kuma tsoron kada rajista ta jawo musu idon masu haraji.

Abin da mai rauni zai samu

Na farko, kuɗin asibiti: ganin likita, tiyata, magani, har da ƙafar roba ko wani abin taimako idan ta kai ga haka. Na biyu, kashi biyu cikin uku na albashinsa a duk kwanakin da yake kwance. Na uku, idan raunin ya bar nakasa, likita zai auna ta. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 85 cikin 100 na albashinsa a matsayin fansho. Wanda nakasarsa ta kai kashi 20 ko fiye zai riƙa karɓar wani ɓangare na wannan adadi, wanda bai kai 20 ba kuma a ba shi kuɗi dunƙule sau ɗaya.

Mu ɗauki misalin mai albashin sefa 90,000. Yana jinya zai samu 60,000 a wata. Idan likita ya ce nakasarsa kashi 30 ce, fanshonsa zai kama 22,950 a wata. In kuma rai ya yi halinsa, ana biyan kuɗin jana'iza, sannan a raba fansho tsakanin mata da 'ya'ya da iyayen da yake ɗauke da su. Karo-karon masallaci, duk da albarkarsa, ba ya iya ɗaukar wannan nauyi shekara da shekaru.

Dokar ƙwadago ta ranar 14 ga Agustan 1992 ta ƙara wani kariya: lokacin jinyar hatsarin aiki, kwantiragi yana tsayawa ne na ɗan lokaci, bai mutu ba. Ke nan ba a korar mutum don yana kwance.

Kwana uku na farko

A nan ne mafi yawan haƙƙi ke salwanta. Doka ta ba maigida kwana uku na aiki ya sanar da CNPS abin da ya faru. Idan ya ƙi ko ya yi sakaci, mai raunin ko iyalansa na da damar kai rahoton da kansu har tsawon shekara uku. Amma wa'adi daban, hujja daban. Bayan shekara ɗaya, shaidu sun watse, rasit sun ɓace, wanda aka kai wurin mai ɗori kuma ba shi da takardar likita ta ranar farko da za ta nuna girman raunin.

Saboda haka, ko za a je wurin mai ɗori, a fara biyawa asibiti a karɓi takardar likita. A rubuta rana da lokaci da wurin da abin ya faru, da sunayen waɗanda suka gani. A adana kowane rasit. In hatsarin hanya ne, a nemi rahoton 'yan sanda ko jandarmomi.

To wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki fa? Haka yawancin aikin Briqueterie yake, magana ce ta baka tsakanin maigida da yaronsa, sau da yawa ma ɗan uwa ne da aka ɗauko daga Garoua ko Ngaoundere ko Maroua. Dokar ƙwadago ta amince da yarjejeniyar baka, kuma ta yarda a tabbatar da ita ta kowace hanya. Shaidar maƙwabtan shago ko saƙon biyan albashi ta waya na iya amfani. Ofishin sufeton ƙwadago shi ne matakin farko, inda ake ƙoƙarin sulhu kafin a je kotu, kuma shari'ar ƙwadago kyauta ce.

Masu zaman kansu

Akwai giɓin da dokar ba ta cike ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Kamaru suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne, da yawansu kuma ba su da maigida. Mai tsiren da ke da teburinsa, ko ɗan acaɓa mai babur ɗin kansa, ba ma'aikacin kowa ba ne. Tun 2014 CNPS ta buɗe musu inshorar sa-kai, wadda a yanzu ake biyan kashi 8.4 na kuɗin shigar da mutum ya bayyana. Amma wannan ta fanshon tsufa da nakasa da mutuwa ce kawai, ba ta biyan kuɗin asibiti ko na kwanakin jinyar hatsarin aiki. Duk mai shiga ya san wannan tun farko.

Abin da ya fi hana mutane neman haƙƙinsu a unguwar shi ne kunya. Yaro ba zai iya kai wanda ya riƙe shi, ya ci da shi, gaban hukuma ba. Amma idan da rajista, babu batun ƙara, domin CNPS ce za ta biya, maigida cike takarda kawai zai yi. Rajistar nan ita ce ke raba maigida da rigima, ta kuma raba yaro da bara. Ƙungiyoyin mahauta da teloli da masu shaguna, waɗanda dama suke da adashi da shugabanni, za su iya ɗaukar batun a zamansu na gaba: su ƙirga yaran da ke ƙarƙashin kowa, su ga nawa ne ke da lambar CNPS.