SASSAƘA DA WUƘA DON NISHAƊI

A ƙasar Daura, idan an gama kaka, gero da dawa da wake sun shiga rumbu, sai rani ya shigo da tsawonsa, wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwan sama. Waɗansu sukan tafi cin rani, waɗansu su kama lambu a fadama. Amma akwai jama'a da yawa, musamman samari da 'yan makaranta da ma'aikatan da suka ajiye aiki, waɗanda yini yakan yi musu tsawo, hannu ba abin yi. Domin irin waɗannan mutane aka shirya wannan takarda, a bayyana musu wani aikin hannu mai sauƙin kuɗi, wanda ba ya bukatar shago ko lantarki, sai wuƙa guda da ɗan reshen itace.

MASASSAƘI DA MAI SHA'AWA

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma galibi gadonta ake yi. Masassaƙi na ainihi da gatari da gizago yake aiki. Shi ke sarar gungume ya fitar da turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar mata, da ƙotar fartanya, da allon karatu. Wanda ya zaga kasuwar Daura, ko ta Mai'aduwa da ke ci ran Lahadi, zai ga kayan nan a jere. Gaskiya ne kwanon roba da na silba sun ture akushi daga gidaje da yawa, amma turmi da ƙota da allo suna nan, ba a sami abin da ya maye gurbinsu ba.

Abin da ake magana a kansa a nan ƙanen wannan sana'a ne. Mai sha'awa ba ya kā da itace, ba ya kuma neman raba masassaƙi da cinikinsa. Ƙananan abubuwa yake yi a zaune a inuwa: muciya, maburgi, cokali, mataji, ƙotar wuƙa, kan sanda. Hasali ma yara da yawa sun riga sun fara ba su sani ba. Almajirin da ya fiƙe alƙalamin kara da reza, da yaron da ya ɓare karan dawa ya haɗa mota da ɓargonsa, duka sun ɗanɗana aikin. Malamai da yawa ba su yarda da sassaƙa siffar abu mai rai ba, to, kayan amfanin gida kaɗai sun isa su riƙe hannun mutum shekara da shekaru.

Kada kuma a ɗauka wasan yara ne. A ƙasar Suwidin, tun ƙarshen ƙarni na 19 aka sa aikin itace da wuƙa cikin darussan makaranta, domin an lura yana koya wa yaro natsuwa da auna abu da ido.

WACE WUƘA?

A nan ne mafi yawan masu koyo suke ɓata tun ba su fara ba. Mutum yakan ɗauko wuƙar da ta fi kusa da shi, ko ta yankan albasa, ko doguwar wuƙar yankan rago, ko reza, ya gwada sau ɗaya, ya yanke yatsa, ya ce aikin ba nasa ba ne. Alhali laifin na wuƙar ne. Mutanen Daura ba su bukatar a gaya musu cewa kowane aiki da wuƙarsa, gama a labarin da aka gada an ce Bayajidda, kafin ya iso rijiyar Kusugu, sai da ya biya ta Gaya ya sa maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiya da ita.

Abu na fari da za a duba shi ne tsawo. Ruwan wuƙar sassaƙa gajere ne, inci 2 zuwa 3, watau kamar tsawon ɗan yatsa manuni ko ƙasa da haka. Dalili kuwa, kusan dukan aikin da kaifin da ke kusa da ƙota ake yin sa, sai tsini da ake yin ado da shi. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan tsawo ba ya ƙara kome sai hatsari, domin hannu ba ya iya sarrafa bakin da ya yi nisa da shi. Kaurin ruwan ya zama kamar milimita 2 zuwa 3. In ya fi haka siranta zai riƙa lanƙwashewa cikin itace, in ya fi haka kauri zai tsaga itacen maimakon ya fere shi. Lalle kuma kaifin ya zama gefe guda, bayan wuƙar ya zama dakusasshe, gama a nan babban yatsa yake dafawa ya tura. Wuƙa mai baki biyu, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, ba ta da wuri a wannan aiki ko kaɗan.

Sa'an nan sai ƙarfen kansa. Wuƙaƙen kasuwa iri biyu ne: na farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, da na baƙin ƙarfe. Farin yana da kyan gani, amma masu araha daga cikinsa ba su riƙe kaifi, suna kuma da wuyar wasawa. Baƙin ƙarfe mai kyau yakan yi tsatsa in an bar shi da laima, amma yana ɗaukar kaifi kamar aska, kuma dutse na gida yana cin sa. A ƙasa mai bushewa irin ta Daura tsatsa ba babbar damuwa ba ce, ɗan shafa mai ya ishe ta. Saboda haka baƙin ƙarfe ya fi dacewa.

Amma ba kowane baƙin ƙarfe ba ne. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa, watau ainihin abin da gawayi ya ƙunsa. Rodin gini da ƙarfen duro ba su da shi da yawa, don haka ko an gasa su an tsoma a ruwa ba su taurara yadda ake so. Tsohon sifirin mota da tsohon magagari su ne masu kyau, kuma maƙera sun daɗe da sanin haka. Wanda zai ba da aikin wuƙa ya faɗi irin ƙarfen da yake so tun da fari, ya kuma yarda ya biya bambancin. Maƙeri zai gasa bakin har ya yi ja, ya tsoma a mai ko a ruwa, sa'an nan ya sake ɗumama shi a hankali har launinsa ya koma kamar na busasshen kara. Wannan ɗumamawa ta biyu ita ke hana ƙarfen karyewa kamar tangaran. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a goga magagari a bakin. In ya zame yana ƙara, ƙarfen ya taurara. In ya kama yana ci kamar a rodi, wuƙar za ta dakushe kafin a gama cokali guda.

Ƙota ma abin dubawa ce, ko da yake mutane ba su cika kula da ita ba. Ta cika tafin hannu, ta zama mai ɗan tudu a tsakiya, ba santsi, ba kuma kusurwar da za ta sa kanta. Wutsiyar ruwan ta shiga cikinta sosai, har in an girgiza ba a ji motsi ba. Wuƙa mai naɗewa tana da daɗin sawa a aljihu, amma in ba ta da makulli takan rufe a kan yatsu. Akwai wuƙaƙen waje da suka yi suna a wannan aiki, kamar na garin Mora a Suwidin, inda ake ƙera su a masana'anta tun 1891, da Opinel ta Faransa, wadda aka fara a 1890 aka kuma sa mata zoben kullewa a 1955. Wanda ya same su ya yi dace. Wanda bai samu ba bai rasa kome ba, muddin akwai maƙeri a garinsu, domin maƙeri zai auna hannun mutum ya yi masa daidai da shi, abin da masana'anta ba ta yi. Daga baya, in hannu ya faɗa, sai a ba da aikin wuƙa ta biyu mai lanƙwasasshen baki, ta ƙwaƙule cikin cokali.

WASHI

Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mai ita. Abin kamar da mamaki, amma dalilinsa a fili yake: in baki ba ya ci, sai an danna da ƙarfi, in kuwa aka danna da ƙarfi ya zame, ba mai iya tsai da shi.

Gangaren bakin ya zama shimfiɗaɗɗe, faɗinsa a kowane gefe ya ɗan ɗara ninki biyu na kaurin ruwan. A jiƙa dutse, a kwantar da gangaren a kansa sosai, a riƙa gogawa ba tare da ɗaga bayan wuƙar ba, har a ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya fito a ɗaya gefen. A juya a yi haka nan. Sa'an nan a ja bakin da baya a kan guntun fata, kamar yadda wanzami yake yi wa aska. In ana cikin aiki, jan nan a fata kowane ɗan lokaci ya isa, ba sai an koma dutse ba. A guji injin washi na kasuwa. Yana da sauri, amma yakan ƙona baki, kuma da zarar ƙarfe ya yi shuɗi taurinsa ya tafi.

ITACE

Mai koyo ya fara da ɗanyen itace mai taushi, kamar dashi wanda ake shinge da shi, ko reshen gwaiba, ko na dogon yaro da aka sassabe a bakin hanya. Dogon yaro yana da ɗaci, don haka a bar shi ga ƙota da sanda, kada a yi cokali da shi. Aduwa, wadda ake allo da ita, tana da kyan jiki, tana kuma karɓar ado. Ɗanya ma tana da sauƙi, da ita ake akushi. Ƙirya da marke da kanya kuwa sai hannu ya ƙware, gama busasshiyar ƙirya takan cinye bakin wuƙa nan da nan. Kuka ba ta da amfani a nan, jikinta kamar soso yake. Tumfafiya da tinya da duk mai farin ruwa a nisance su, saboda ido.

Ɗanyen itace yakan tsage in ya bushe da gaggawa, balle a hunturu. Maganin haka shi ne a raba reshen biyu a tsaye, a fere zuciyarsa a yar, domin daga nan tsagewa take farawa. In an tashi daga aiki a naɗe shi a tsumma a ajiye a inuwa. Bayan an gama, ya yi mako biyu ko uku yana bushewa, kāna a shafa masa man kaɗe.

Daga ina za a samo reshen? Wannan tambaya tana da nauyi a masarautar da ke bakin hamada. Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa duka suna fama da ƙarancin itatuwa, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ba daidai ba ne a kā da itace domin cokali. Gawo musamman a bar shi, gama shi ke zubar da ganye da damina ya ba gona taki. A tsallaken iyaka, manoman Maradi da Damagaram sun nuna hanya tun daga shekarun 1980. Maimakon su ƙone tohon kututture a lokacin sharar gona, sai su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Suna kiran wannan sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya maido da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da aka datse a irin wannan sassabe ya ishi mai sha'awa aikin rani guda. Na gonar wani sai da izinin mai gona, na gandun daji kuwa sai an ga malamin daji.

RIƘON WUƘA

A zauna a kan kujera ko tabarma, a sa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, yadda aikin zai kasance a gaban gwiwoyi. Kada a taɓa ɗora itace a cinya ana yanka, domin akwai babbar jijiyar jini a cikin cinya, in wuƙa ta same ta mutum yana iya rasa ransa kafin a kai shi asibiti. Hannun da ke riƙe da itace ya zauna a bayan kaifi koyaushe. A riƙa ɗiban kaɗan kaɗan, ana bin yadda zaren itacen ya kwanta. In aka ji wuƙa tana nutsewa tana tsagawa, an saɓa wa zaren ke nan, sai a juya itacen a fero ta ɗaya ɓangaren. Ba a sassaƙa da magariba ko cikin gajiya, ba a kuma yi yara ƙanana suna kusa da hannu.

In an yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a sa ƙasa ko toka. In yankan ya yi zurfi a tafi asibiti, a kuma tambayi allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora.

Yaron da ya kai shekara 10 yana iya farawa, amma a gaban babba. Wuƙar sassaƙa kayan aiki ce, a ba dukawa su yi mata kube, ta zauna a gida inda yara ba su kai, ba a shiga da ita kasuwa ko makaranta ko taron Sallar Gani.