Rijiyar da aka haƙa aka sa wa kwaɗo

Motar haƙa ta shigo gari, ta yi ta gurnani, ma'aikata suka tattara suka tafi. Abin da suka bari siririn bututu ne da murfin ƙarfe da kwaɗo, ba famfo, ba tanki. Nan da nan magana ta bazu: wai fetur ake nema, wai an samu ruwa an hana talaka, wai sabuwar rijiyar ce ta ƙafar da rijiyoyin unguwa.

Wannan rijiyar awo ce. Aikinta nuna zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa da tsabtarsa. Faɗin bututun yawanci inci biyu ne zuwa huɗu. Ma'aikaci yakan zura tef mai na'ura a baki, da zarar ya taɓa ruwa sai ya yi ƙara, a rubuta adadin. Wani lokaci a ɗebi kwalba ɗaya a kai ɗakin gwaji. A Najeriya, irin wannan sa ido yana cikin aikin NIHSA, hukumar da ke nazarin ruwa.

Batun fetur ba shi da tushe. Tun da aka sanar da samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2019, kowace motar haƙa ta zama abin zargi. Amma rijiyar mai tana tafiya kilomitoci cikin ƙasa, da injin da ya fi bene tsawo. Motar da ke haƙa burtsatse ba ta da wannan ƙarfin.

Haka zancen shanye ruwan maƙwabta. Rijiyar da ba a jan ruwa a cikinta me za ta shanye? Gaskiya ne bayan haƙa ana ɗan zuƙo ruwa har ya washe, kuma rijiyar da ke dab da wurin tana iya ɗan sauka na ɗan lokaci. Amma masu kukan ƙafewar rijiyoyi ba ƙarya suke yi ba, sun dai kuskure mai laifin. A Maiduguri da kewayenta, rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa wajen shekarun 1960 a da ruwansu na bulbulowa da kansa, ba inji. Da aka yawaita haƙa, wasu kuma aka bar su suna kwarara dare da rana, ƙarfin ya ragu, da yawa suka daina. Rijiyar awo ce ke nuna irin wannan tun kafin a shiga uku.

Tsoron da ya kamata a ɗauka da gaske shi ne na gurɓata ruwa, domin yana iya faruwa. Idan an yi aikin daidai, ana sa bututu mai tsage-tsage a ƙasa inda ruwan yake, a kewaye shi da tsakuwa, a ɗora laka mai kumbura da ake kira bentonait, sannan a cike da siminti har sama. In ɗan kwangila ya yi ha'inci a wannan toshiyar, ramin ya zama hanyar da ruwan kwata da na masai zai bi ya gangara cikin ruwan sha. A wuraren da ke kusa da masana'antun jima, irin na Challawa da Sharada a Kano, inda ake amfani da sinadarin kuromiyom, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kwaɗon ma dalilinsa ke nan: kada yaro ya jefa dutse ko wani ya zuba shara. A ganina laifin masu aikin ɗaya ne, rashin zama da mai unguwa da jama'a su yi bayani kafin su kafa inji. Mutanen wurin suna da haƙƙin tambayar wa ya haƙa, an toshe da kyau ko a'a, kuma a nuna musu sakamakon awon, ko ruwansu sauka yake yi ko yana nan.