Gamalin, fiya-fiya da buhun wake a Kafinsoli

Da zarar an gama kaka a Kafinsoli, manomin wake ya shiga wata sabuwar fargaba: ƙwaro. Cikin 'yan watanni sai ya huda buhu guda ya mai da shi gari. Shi ya sa a ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Hausa, wasu kan zuba wa wake magani kafin su ɗinke bakin buhu.

A da gamalin ake yayi. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, hukumar NAFDAC ta sa shi cikin magungunan ƙwari 30 da ta haramta a 2008. A 2009 aka shigar da shi Yarjejeniyar Stockholm, sannan a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta tabbatar cewa yana jawo sankara, musamman wadda ke kama kaluluwa.

Da gamalin ya ja baya, sai fiya-fiya da Sniper suka maye gurbinsa. Sinadarinsu dichlorvos ne, wanda cibiyar ta Lyon ta lissafa cikin waɗanda ake zargi da jawo ciwon daji. An yi shi ne don feshi, ba don a yayyafa wa abin da za a dafa ba.

Abin kunyar ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya. Dokarta ba ta yarda maganin ya wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya ba, amma aka yi ta samun ninkin-ba-ninkin haka. Turai ta kare mutanenta. To, wanda bai ƙetare ba fa? Shi ne ake aunawa a tiya, ya zama ƙosai da alala da garau-garau, kuma ba mai gwada shi a kasuwar ƙauye. Wannan ya fi asarar kuɗin ƙetare ciwo.

A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. Hani kaɗai kuwa ba ya kashe ƙwaro, dole a ba manomi madadi. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba, kuma a Kano ake ƙera shi.