Noter: mai rubuta yarjejeniya da sunan hukuma

Ga wani abu da ke faruwa da yawa. Manomi shi tara kuɗɗin albasa ko na ci-rani shekara da shekaru, shi sayi fili cikin birni. A yi ciniki gaban dillali da shaidu biyu, a rubuta ƴar takarda, kowa shi dangwala hannu. Bayan ƴan shekaru mai saidawa shi rasu. Sai ƴanuwanshi su taso, su ce filin na gado ne, ba nashi ba ne shi kaɗai. A nemi shaidu: guda ya rasu, guda ya tafi Abijan. Ga kuɗɗi sun tafi, ga shari'a ta zo.

Don hana irin wanga rikici doka ta aza wani ma'aikaci da ake ce ma noter.

Wane ne noter?

Noter mutum ne da ya yi karatun shari'a mai zurfi. Gwamnati ce ke naɗa shi, kuma ma'aikatar shari'a ke sa ido ga aikinshi. Kafin shi fara aiki, shina rantsuwa gaban kotu. Shina da ofishi da hatimi nashi.

Noter ba alƙali ba ne, ba shi yanke hukunci. Ba lauya ba ne kuma. Lauya shina tsaya ma mutum guda, shi kare shi. Noter kuwa na kowa ne: na mai saye da mai saidawa, na mai bashi da wanda ake bi. Alƙali da lauya suna shigowa bayan faɗa ya tashi. Noter shina aiki tun mutane na shiri da juna. Rigakafi ya fi magani.

Nijar ta gaji wanga aiki daga tsarin shari'ar Faransa, inda wata doka ta shekarar 1803 ta tsara shi. Akwai shi a Mali, Sanagal, Burkina Faso, Benin da Kodibuwa. Da can manyan magatakardan kotu ke riƙe da aikin. A shekarar 1998 Nijar ta yi dokar da ta tsara sana'ar noter, a 2018 kuma aka sake ta da sabuwa. Masu fatauci zuwa Katsina da Kano su lura: Nijeriya tsarin Ingila take bi. Can, mai irin wanga suna lauya ne, kuma yawancin aikinshi shi ne shaida sa hannu da rantsuwa.

Rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a suratul Baƙara, tana umurni a rubuta bashi, a kafa shaidu.

Mi noter ke yi kafin shi rubuta?

Na ɗaya, shina duba katin ɗan ƙasa na kowa, don shi tabbata mutanen su ne da kansu. Shina duba ko sun balaga bisa doka, ko suna cikin hankalinsu, ko babu wanda aka tilasta.

Na biyu, shina binciken dukiyar. In gida ne ko fili, shina neman takardun mallaka. Shina tambaya wurin masu aje littafin filaye ko an jinginar da shi ga banki. In na gado ne, shina neman yardar magada duka, ko takardar kotu da ta nuna wanda suka wakilta.

Na uku, shina ba kowane ɓangare shawara. Dole shi gaya ma mutum abin da za shi samu da abin da za shi rasa in ya sa hannu.

Na huɗu, shina karanta takardar gaban kowa. Galibi da Faransanci ake rubuta ta. Wanda bai ji Faransanci ba shina da hakkin a fassara mashi. Wanda bai iya sa hannu ba, ana kawo shaidu su tsaya.

Ƙarfin takardar noter

Takardar noter ta fi takardar da mutane suka rubuta tsakaninsu ƙarfi ta hanya uku.

Kotu tana yarda da abin da noter ya ce ya gani, ya ji, a gabanshi. Wanda ya ce ƙarya ne, sai ya shigar da ƙara ta musamman, ya kawo hujja. Musu da baki bai isa ba.

Ranar da aka rubuta ta tabbata. Ba mai cewa an maido ta baya.

In takardar bashi ce kuma lokacin biya ya yi, mai bashi ba shi bukatar sake shari'a daga farko. Noter shina ba shi kwafi na musamman. Da shi ma'aikacin shari'a da ake ce ma wisiye ke iya neman kuɗɗin, har shi riƙe dukiyar wanda ake bi. Saboda haka mai cin bashi shi yi tunani ƙwarai kafin shi sa hannu.

Asalin takardar ba ya fita daga ofishin noter. Kwafi ake ba mutane. In gobara ko gara ko ruwa sun ci kwafin, ana iya komawa a amshi wani. Ko noter ya rasu, takardun suna nan hannun wanda ya gaje ofishin.

Abin da aka hana noter

An hana shi tona asirin mutane. An hana shi rubuta abin da doka ta hana. An hana shi yin takarda wadda shi ko danginshi na kusa ke da riba ciki. In ya yi sakaci har wani ya yi hasara, shi ke biya. Ana iya dakatar da shi, ko a kore shi. Noter na Nijar suna da majalisarsu ta ƙasa, wadda ke lura da ɗa'ar sana'a. Wanda aka cuta shina iya kai kuka can, ko ga mai gabatar da ƙara na gwamnati.

Noter ba shi amsar albashin gwamnati. Waɗanda ya yi ma aiki ke biyan shi, bisa ƙa'idar da hukuma ta aza. Cikin kuɗɗin da ake ba shi akwai haraji, wanda shi ke kai ma baitulmali. Ya kamata a tambayi kuɗɗin aiki tun farko, kuma a amshi rasit.

Yaushe ɗan karkara ke bukatar noter?

In za shi sayi gida ko fili mai takardar mallaka cikin birni. In za shi jinginar da gida ga banki. In za shi yi doguwar tafiya, shina son wakilta wani shi saida mashi dukiya. In za shi yi kyautar gida, ko su buɗe kamfani da abokai. Mafi yawan noter a Yamai suke, wasu kuma a manyan birane kamar Maraɗi da Damagaram.

Gona kuwa tana da tata hanya. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta yarda da mallakar gona ta gargajiya. Ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake ce ma kofo. Akwai na gari, inda mai gari ke shugabanci, akwai na komin, akwai na dapartama. Nan ake samun takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta jingina da ta shaidar mallakar gado. Mai sayen gona ƙauye shi fara da mai gari da kofo, ba sai ya hau mota ba.

Rabon gado ma ba noter ke yin shi ba. Dangi, malamai da kotu ke yin shi bisa al'ada da addini.

Da manomin nan ya je wurin noter, da an gano filin na gado ne tun kuɗɗinshi na cikin aljihu. Amma ko gaban noter, ko gaban kofo, mutum shi ne mai tsaron kanshi na farko. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci shina iya duba abu huɗu da idonshi: sunanshi, lambar fili, yawan kuɗɗi da kwanan wata. Kar shi dangwala hannu sai ya ga su huɗun daidai.