Kwarmin bakin bututu: abin da ɗan kasuwa ya kamata ya sani kafin ya sari kaya

Duk mai sayar da kayan ruwa a kasuwanninmu na kan iyaka, daga Maraɗi da Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko daga Birnin Ƙwanni zuwa Illela, ya san hanyoyi biyu na haɗa bututun ƙarfe, wato walda da kuma zare. To amma akwai ta uku wadda ƴan kwangila ke nema idan za su ja bututun kashe gobara a otal, ko na ruwa a masana'anta. Ita wannan hanya, wani ɗan kwarmi ake yi wanda ya zagaye bututu kusa da bakinsa, a haɗa baki biyu, a sanya zoben roba, sannan a kawo ƙawanyar ƙarfe mai ɓari biyu ta zauna cikin kwarmin, a ɗaure da noti. Babu wuta, babu hayaƙi, kuma in gyara ya taso sai a kwance a sake ɗaurewa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1919 ne wani hafsan sojan Ingila mai suna Ernest Tribe ya yi rajistar irin wannan maɗauri, kuma daga nan kamfanin Victaulic ya samo asali. A yau masana'antu da yawa ke ƙera shi, har da na ƙasar Sin.

Hanya biyu ake bi wajen yin kwarmin. Ta farko yanka ce, inda inji ke feƙe ƙarfen yana zubar da ɓarɓashi. Tun da ana rage naman ƙarfe, sai bututu mai kauri ne ke jure ta, kamar mai lamba 40 zuwa sama, kuma cikinsa yakan kasance sumul. Ta biyu dannawa ce: ana matse bakin bututu tsakanin ƙafafun ƙarfe biyu yana juyawa, har ya lotsa ba tare da an cire komai ba. Wannan ta fi sauri, kuma ita ta dace da bututu marar kauri kamar mai lamba 10. Mai saye zai iya bambance su da yatsa, domin na dannawa yana barin ɗan tudu ta ciki, na yanka kuwa ba ya bari. Wanda ya yanka kwarmi a bututu sirir, to ya sayi rariya, ya kuma san za ta zub da ruwa.

Inda ɗan kasuwa ya fi yin hasara shi ne wajen awo. Kaya daga ƙasashe daban-daban suna haɗuwa a shago guda, alhali inci ɗin wani ba na wani ba ne. Bututu mai inci 6 na awon Amurka faɗinsa ta waje milimita 168.3 ne, amma na awon Ingila 165.1 ne. Mai inci biyu da rabi kuma akwai na 73, akwai na 76.1. Ido ba zai raba su ba, amma ƙawanyar wannan ba za ta kama wancan yadda ya kamata ba, ranar da aka saki ruwa da ƙarfi kuwa sai yoyo, ko ma bututun ya fizge. Daga nan sai a dawo maka da kaya, ga kuɗin mota da na kwastan sun riga sun tafi.

Haka zoben roba, shi ma iri-iri ne. A kayan Victaulic mai koren layi na ruwa ne, man fetur yana lalata shi, mai layin ruwan goro shi ne na mai.

Saboda haka, ƴan'uwa ƴan kasuwa, kafin ku biya ku tambayi mai kwangila abu uku: faɗin bututun a milimita, kaurinsa, da abin da zai bi ta ciki. Ku karanta lambar da ke jikin ƙawanya, ku ajiye ma'auni a shago, kuma ku duba bakin bututun kada ya zama ya buɗe ko yana da tsatsa a wurin da roba za ta zauna. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.