Pansori: Waƙar Koriya Da Ba Ta Cika Sai Da 'Yan Kallo

Gabatarwa

Wannan 'yar maƙala za ta yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan pansori, wato wani nau'in waƙar baka ta Koriya, gwargwadon abin da na fahimta a matsayina na baƙon da ya kalle ta a bidiyo ba tare da jin harshen ba.

Yadda Ake Aiwatarwa

A harshen Koriya, "pan" na nufin dandalin da jama'a ke taruwa, "sori" kuma murya ko sauti. Mutum biyu ne kacal ke yin wasan: mawaƙi a tsaye riƙe da mafici, da makaɗi a zaune da gangar da ake kira buk. Mawaƙin shi kaɗai ke fitowa a matsayin dukkan taurarin labarin. Yakan rera, ya koma zance, ya kwaikwaya da jiki. Maficin nan yakan zama wasiƙa ko sanda.

Pansori ta samo asali ne a ƙarni na 17 a kudu maso yammacin Koriya. A da labaranta 12 ne, amma 5 suka rage. Akwai Simcheongga, labarin 'yar da ta sadaukar da ranta domin mahaifinta makaho ya sami gani. Akwai kuma Chunhyangga, wanda rera shi gaba ɗaya kan ci awa 8.

Aikin 'Yan Kallo

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne chuimsae, wato kalmomin ƙarfafa gwiwa irin su "eolssigu" da makaɗi da 'yan kallo ke jefawa idan mawaƙi ya numfasa. Da su na riƙa gane inda labari ya yi daɗi. Haka ma talchum, rawar masu rufe fuska da ke yi wa masu mulki shaguɓe: 'yan kallo na tanka wa 'yan wasa.

Kammalawa

Gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa pansori cikin al'adun da take karewa a 1964, hukumar UNESCO ta karrama ta a 2003, talchum kuma a 2022. Sai dai a ganina, karramawa kaɗai ba ta raya waƙar baka. Mu da muka karanci tatsuniya mun san idan aka ce "ga ta nan, ga ta nanku" ba a amsa ba, labari bai fara ba. Mai son kallon pansori, ya fara da koyon amsawa.